Filin Direba da Makaniki: Yaushe Ake Canza Filtar Mai?

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan sun karkata ne ga filtar mai, ƴar gwangwanin nan da ke tsakanin tankin mota da injinta, tana tace fetur ko gazuwal kafin ya isa inda za a ƙone shi. Na zaɓi biyar daga ciki, na taƙaita su saboda wuri. Wasu masu karatu sun rubuta "matatar mai", amma da yake wannan suna ya riga ya zauna a kan ta Damagaram, zan riƙe "filta" kamar yadda ake faɗa a garaji.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni direban tasi ne a Yamai, ina zaune a unguwar Bukoki. Motata Toyota Corolla ce ƙirar shekarun 1990, mai shan esansi, wato fetur, kuma nakan yi kusan kilomita 150 a rana, kwana shida a mako. Makanikina na farko ya ce in riƙa canza filtar mai duk ranar da na yi juyen baƙin mai, na biyu kuma ya ce ɓarnar kuɗi ce, in bar ta sai ranar da mota ta fara shaƙewa. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kowannensu ya riƙi wani gefe na gaskiya ya saki wani. Na farkon ya ba filtar mai hukuncin ƴar'uwarta, filtar baƙin mai, wadda ita ce lalle ake canzawa a kowane juye. Idan kana juye duk kilomita 5,000, bin shawararsa yana nufin za ka sayi filta kusan tara a shekara, alhali ɗaya ko biyu sun ishe ka. Na biyun kuwa ya fi haɗari, domin kafin direba ya ji shaƙewar a ƙafarsa, famfon da ke cikin tanki, mai tura mai zuwa inji, ya daɗe yana shan wahala.

Littattafan da kamfanonin mota ke haɗawa da irin motarka, masu filta a wajen tanki, galibi suna ba da tazarar kilomita 40,000 zuwa 60,000. To amma ya kamata a fahimci abin da wannan adadi yake tsaye a kansa. Filta ba ta san kilomita ba, abin da ta sani shi ne yawan dauɗar da ta kama. A cikin gwangwanin nan akwai takarda ta musamman da aka nannaɗe ninki-ninki don faɗinta ya yawaita, kuma ramukanta ƙanana ne ƙwarai, wajen mikron 10 (mikron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) a injin fetur mai injekta, wato bakin da ke fesa mai cikin inji, alhali kaurin gashin kan mutum yana kai mikron 70. Kowane tsaki na tsatsa ko yashi da ta tare yana toshe rami ɗaya, kuma babu mai buɗe shi har abada. Motar da ke shan lita 8 a kilomita 100 za ta ƙone lita 3,200 kafin ta cika kilomita 40,000. Idan man nan mai tsabta ne, filtar za ta kai wannan zango ba ta gaji ba, idan kuwa jarka ɗaya daga ciki ta zo da laka a gindinta, tana iya gamawa da filtar a mako guda. Wanda ya rubuta littafin ya yi lissafinsa ne da man da ke fitowa daga famfon gidan mai a ƙasar da ba ta san ƙurar hunturu ba.

Mu kuwa manmu yana yin doguwar tafiya, yana kuma ratsa hannuwa da yawa. Tun ƙarshen 2011 da matatar SORAZ ta fara aiki kusa da Damagaram, da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, man da ake sha a Yamai yana yin tafiyar kusan kilomita 900 a cikin tankokin manyan motoci, a sauke shi a ma'ajiya, a sake ɗorawa, a juye a rijiyar gidan mai, sannan ya shiga tankinka. Kowane juyi dama ce ga ƙura da ruwa. Amma inda abin ya fi muni shi ne zangon ƙarshe, wato duro mai tsatsa, jarkar da jiya aka ɗebo ruwa da ita, kwalbar da ta wuni a bakin titi, da mazurarin da ke kwance a ƙasa iska na zuba masa rairayi. Ba ina cewa duk man ƴan ruwa-ruwa, masu sayarwa a kwalba a bakin titi, gurɓatacce ne ba, akwai masu tsabta a cikinsu, sai dai mai saye ba shi da hanyar sanin tarihin mazubin. Duk wanda ya yi tuƙi a Yamai lokacin ƙarancin man watan Maris na 2025 ya san cewa ranar da layi ya yi tsawo, ba a tambayar asalin mai.

Saboda haka ga abin da nake ba ka shawara. Lissafinka ya nuna kana yin wajen kilomita 45,000 a shekara, ban da sa'o'in da injin ke aiki kana tsaye a cunkoso ko kana jiran fasinja, waɗanda agogon kilomita ba ya ƙidayawa amma famfo yana ta tura mai. Idan a gidan mai kake sha kullum, canza filtar duk kilomita 30,000, wato kusan duk wata takwas. Idan kana haɗawa da na kwalba, sauko zuwa 20,000, wato sau biyu a shekara, kuma zai yi kyau ka sa ɗaya a ƙarshen damina, ɗaya a ƙarshen hunturu, domin su ne lokutan da ruwa da ƙura suka fi shiga. Tasoshi da yawa agogonsu ya mutu tuntuni, to mai irin wannan mota ya yi lissafi da watanni, ya rubuta ranar canji a jikin sabuwar filtar da alƙalamin da ba ya gogewa.

Waɗannan adadi nawa ma kintace ne na mafari. Hukuncin gaskiya yana cikin tsohuwar filtar, kuma abin mamaki ne yadda ake jefar da ita ba a tambaye ta ba. Ranar da aka ciro ta, ka sa makaniki ya juye man da ke cikinta ta bakin shiga a cikin kwalba mai haske, ku bar shi ya kwanta. Idan ya fito garau, to kun yi gaggawa, ka ƙara kilomita 10,000 a zango na gaba. Idan ya fito ja-ja kamar ruwan gulbi a watan Agusta, ko ka ga baƙin gari a gindin kwalbar, kun makara, ka rage. Bayan ta bushe sarai, a nesa da wuta, ana iya yanka gwangwanin a buɗe takardar a duba. Gani ya kori ji. Bayan canji biyu ko uku za ka san zangon motarka fiye da kowane littafi da kowane marubucin mujalla.

Game da jiran shaƙewa, ga dalilin da ya sa na ƙi shi. Famfon lantarkin da ke cikin tanki yana tura fetur da matsin da ya kai bar 3 ko kusa da haka (bar shi ne ma'aunin matsi), kuma man da ke ratsa shi ne yake sanyaya shi. Idan filta ta toshe, famfon yana turawa da ƙarfi, man da ke wucewa ya ragu, zafi ya ƙaru, ga kuma zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40. Alamar farko takan ɓuya, domin mota tana tashi lafiya, tana yawo cikin gari lafiya, tunda a ƙaramin gudu ɗan man da ke tsallakewa ya isa. Sai ranar da ka cika fasinja ka taso daga bakin kogi kana hawa tudu, ko ka fito wuce babbar mota a hanyar Doso, ka taka totur ka ji ta ja baya kamar an riƙe ta. Daga nan sai jinkirin tashi da safe, da kukan famfo daga ƙarƙashin kujerar baya, da mutuwa a tsakiyar titi. Kuɗin famfo ya ninka na filta sau da yawa, kuma wucewar da ta gaza a hanyar Doso ba maganar kuɗi ba ce kawai.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Tawa, ina da Hilux mai gazuwal, irin wadda aka rubuta D-4D a jikinta, ina zirga-zirga tsakanin Tawa, Abalak da Agadas. Wani lokaci dole in sha mai na duro a hanya. Kwanan nan wata fitila mai siffar filta ta fara ƙiftawa a gabana. Yayana yana da tsohuwar Land Cruiser, ya ce tasa ta yi shekaru tana shan kowane irin mai ba abin da ya same ta, in ƙyale fitilar. Me ka gani?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Yayanka ya faɗi gaskiyar motarsa, amma motarka daban ce, kuma wannan bambanci ya cinye kuɗin mutane da yawa a hanyar nan ta Agadas. Tsohuwar Land Cruiser mai injin 1HZ, wanda Toyota ta fara ƙerawa a 1990, tana aiki da famfon inji na gargajiya da injektoci masu sauƙin hali, waɗanda matsinsu bai wuce bar ɗari da ƴan kai ba lokacin buɗewa. Irin wannan inji yana haƙuri da dauɗa gwargwado, ko da yake shi ma ruwa yana cin famfonsa a hankali. Taka kuwa tana cikin zubin da ya fara shiga ƙananan motoci a 1997, inda famfo ɗaya ke tara gazuwal a bututu guda mai tsananin matsi, kwamfuta kuma tana buɗe injektoci tana rufewa sau da yawa a kowane bugu. Matsin da ke cikin bututun nan yana kamawa daga bar 1,300 har ya haura 2,000, gwargwadon zamanin injin. Don ka kwatanta, iskar da ke cikin tayar motarka ba ta wuce ƴan bar ƙalilan ba. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan cikin injekta ƴan mikron ne ƙalilan, shi ya sa filtar irin wannan inji take tare abin da ya kai mikron 2 zuwa 5, wanda ido ba ya gani sam. Ƙurar da tsohuwar Land Cruiser za ta haɗiye ta wuce, a taka motar tana zama kamar yashin goge ƙarfe.

Sai maganar ruwa, wadda ita ce fitilarka take faɗa maka. Gazuwal shi ne man shafawar famfo da injektoci, babu wani mai da ke shiga wurin. Ruwa ba ya shafawa, yana kawo tsatsa, kuma idan ya isa bakin injekta cikin wannan zafi da matsi yana iya lalata shi. Da yake ruwa ya fi gazuwal nauyi, lita ɗaya ta gazuwal ba ta wuce giram 850 ba alhali ta ruwa giram 1,000 ce, yakan kwanta a ƙasa, kuma an yi wa gidan filtar wani ɗan kwano a gindi don ya taru a can, da wani abu mai iyo da ke kunna fitila idan ruwan ya kai iyaka. A yawancin Hilux na wannan zubi, fitila mai ƙiftawa tana nufin ruwa ya taru, mai tsayawa cak kuma tana nufin filtar ta toshe, a canza ta. Tunda taka ƙiftawa take yi, kada ka kama hanyar Abalak kafin ka zubar da ruwan. Aikin bai wuce minti biyar ba: a kashe inji, a sa ƙaramin mazubi a ƙarƙashi, a sassauta marfin da ke gindin filtar juyi biyu ko biyu da rabi, a riƙa danna famfon hannu da ke samanta har gazuwal zalla ya fara fita, sannan a ɗaure da hannu, ba da sifana ba, domin roba ce. Ya kamata kowane direban gazuwal ya iya wannan da kansa, ko da kuwa yana da yaran mota.

Zangon canji a littattafan motocin gazuwal yakan faɗa tsakanin kilomita 20,000 da 40,000. Ga mai aiki irin naka ni ba zan wuce 15,000 ba, kuma idan shan duro ya yawaita, 10,000. Tawa zuwa Agadas wajen kilomita 400 ne, zuwa da dawowa 800, saboda haka zuwa goma sha biyu zuwa goma sha takwas sun cika zangon. Kada ka rabu da sabuwar filta guda a cikin mota tare da sifanar da ke kwance ta, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma tsakanin Abalak da Agadas ba wurin neman kayan gyara ba ne.

Akwai abu biyu da zan ƙara, domin su ne suka fi tsawaita ran injektoci. Na farko, idan dole ne shan duro, ka bar duron ya kwanta, kada a mirgino shi a zuba maka nan take, kada kuma tiyon ya taɓa gindinsa, inda ruwa da tsatsa suke. Ka fara zuba kaɗan a kwalba mai haske ka ɗaga ta a rana; gazuwal mai kyau garau yake, wanda ya yi hazo-hazo ko ya rabu gida biyu a bar wa mai shi. Duron da ya daɗe da ruwa a ciki yakan haifi wani baƙin yauƙi, ƙwayoyin halitta ne da ke rayuwa a iyakar ruwa da mai, kuma yana toshe filta cikin kwanaki. Na biyu, ka sa a ɗaura maka ƙarin filta mai kwanon gilashi tsakanin tanki da filtar asali. Ita takan tare ruwa da manyan tsaki, kana ganin abin da ta tara da idonka kowace safiya, ta bar wa ta asali aikin ƙananan. Sai dai a tabbatar mai ɗaurawa ya san aikinsa, domin mahaɗa ɗaya da ke shan iska za ta sa motar ta ƙi tashi.

Ranar canji kuma ka tsaya a kan makanikin. Akwai al'adar cika sabuwar filta da gazuwal daga gwangwani kafin a ɗaura ta, don a huta da danna famfon hannu. A tsohon inji ana tsira da haka, a naka kuwa man da aka zuba ta ɓangaren fita ya riga ya tsallake takardar, kai tsaye zai tafi famfo da duk abin da ke cikinsa. A ɗaura ta a bushe, a sa sabuwar robar da ta zo da ita, a danna famfon hannu har ya yi tauri, sannan a tayar. Kada kuma a buɗe gidan filta a fili ranar da iskar hunturu ke kaɗawa.

Tambaya: Malam, ni ma'aikaciya ce a Yamai, unguwar Yantala. Motata Corolla ce ta 2010, an kawo ta daga Amurka. Daga gida zuwa ofis kawai nake zuwa, ban fi kilomita 7,000 a shekara ba. Na ce wa makaniki ya canza mini filtar mai, ya buɗe gaban mota ya duba ya ce wannan ba ta da filta. Shin gaskiya ne?

Amsa: Hajiya, Allah ya ba da haƙuri, motarki tana da filta, har ma biyu, sai dai ba inda ya duba suke ba. Tun daga farkon shekarun 2000 yawancin ƙananan motocin fetur, har da Corolla, sun mayar da filtar cikin tanki, a haɗe da famfo cikin gida ɗaya na roba, wanda ake kaiwa gare shi ta ƙarƙashin kujerar baya. A bakin famfon akwai ƴar raga mai kama da safa da ke tare manyan tsaki, a bayansa kuma akwai filtar takarda. An yi ta babba don ta daɗe, wasu littattafan suna ba da kilomita 80,000 zuwa 120,000, wasu kuma ba sa ambaton ranar canji ko kaɗan. Wannan shirun ne ya haifi maganar cewa ba ta da filta.

Ki fara da duba agogonki. Motocin Amurka da mil suke ƙidaya, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne, saboda haka idan kin ga 100,000, motar ta yi kilomita 160,000. Kuma motocin da suka biyo ta tashar Kwatano ko Lome, ba kullum adadin da ke agogonsu yake faɗin dukan tafiyar da suka yi ba. Idan babu shaidar an taɓa canza ta tun zuwan motar, ina ganin ya dace a ciro gidan famfon sau ɗaya, a canza filtar da ragar, a leƙa gindin tankin da fitilar hannu mai batir, a share abin da ya kwanta. Bayan haka, da irin tafiyarki da shan mai a gidan mai, za ki yi shekaru biyar ko fiye ba ki sake tunanin ta ba. Wannan aiki yana buƙatar mai natsuwa, domin akwai wayar ma'aunin mai da robar da ke rufe bakin tanki, wadda idan ta zauna a karkace za ki riƙa jin warin fetur a cikin mota. A cire kan batir kafin a fara, a yi shi a inuwa inda iska ke ratsawa, babu mai sigari ko mai walda a kusa.

Abin da ya fi cutar da motoci irin taki shi ne ɗabi'ar nan ta zuba man jaka ɗaya ko biyu ana yawo da fitilar mai a kunne. Famfon yana son ya kasance nitse cikin fetur, kuma tankin da ya fi yawan iska ya fi tara raɓa a cikinsa, musamman a damina. Kuɗin da za ki kashe ɗaya ne ko tankin yana rabi ko yana ƙasa, bambancin cikawar farko ce kawai. Ki mayar da kwatan tanki ya zama shi ne ƙarshenki. Idan kuma kin iso gidan mai kin tarar babbar mota tana sauke mai a rijiyarsu, ki wuce na gaba, domin a lokacin ne abin da ya kwanta a ƙasa yake tashi.

Tambaya: Malam, ni ɗan koyo ne a wani garaji a Tawa. Maigidana yakan wanke tsohuwar filta da fetur ya hura ta da iskar kwamfuresa ya mayar. Ya ce sababbin da ke kasuwa ma jabu ne. Wannan daidai ne?

Amsa: Ɗana, ka girmama maigidanka, amma kada ka gaji wannan daga gare shi. Ragar bakin famfo da ragar ƙarfe ta tsofaffin motoci masu kafireto (na'urar da ke haɗa fetur da iska a motocin da ba su da injekta) ana iya wanke su. Filtar takarda kuwa dauɗarta a cikin zarurrukan takardar take, fetur ba ya fitar da ita, iska mai ƙarfi kuma yaga takardar take yi. Motar za ta tashi da kuzari, mai ita ya biya ya tafi yana godiya, alhali abin da ya faru shi ne an buɗe wa dauɗa ƙofa. Idan mutum ya maƙale a daji, girgiza ta da juye ta don ya isa gari uzuri ne, a garaji kuwa babu uzuri.

A maganar jabu yana da hujja. Kwali da tambari ba su da wuyar kwaikwayo, a Tawa ko a Katako ta Yamai. Ka riƙa auna sabuwar da tsohuwar ta asali a hannu, domin jabu takan fi sauƙi, takardar cikinta kaɗan ce, ninkinta a warwatse, manninta a zube, zaren bakinta kaushi. Ka sayi ɗaya mai araha da ɗaya mai tsada ka yanka su gefe da gefe, darasin ya fi kuɗin. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma wanda ya sayi filta bai saye ta don ta zubar da yashi ba. Ka nemi lambar filtar da ta dace da injin, kada ka dogara da kamannin gwangwani, domin biyu na iya zama ɗaya a ido alhali ramukan takardarsu sun bambanta nesa. Sannan ka lura da kibiyar da ke jikinta, kullum tana nuna wajen inji ne. Kafin ka kwance ta motar fetur mai injekta, ka cire fis ɗin famfo ka tayar da inji har ya mutu da kansa, in ba haka ba fetur zai feso maka a fuska.

Tambaya: Malam, na canza filtar mai makon jiya amma motata ba ta daina fizga ba, musamman idan ta yi zafi. Peugeot 406 ce mai fetur. Ko sabuwar ce ba ta da kyau? Daga wani malamin makaranta a Talaje, Yamai.

Amsa: Malam, yana iya yiwuwa, amma ba nan zan fara zargi ba. Fizga tana da iyaye da yawa, ciki har da buji (masu ƙyasta wuta a cikin inji) da suka cinye, kwayil (mai tura musu lantarki) mai rauni idan ya ɗauki zafi, filtar iska da hunturu ya cika, injekta mai dauɗa, da famfon da tsohuwar filtar ta riga ta gajiyar. Maimakon a riƙa sayen kaya ɗaya bayan ɗaya ana gwadawa da aljihunka, ka je wurin mai agogon auna matsin mai, a ɗaura shi a bututun injektoci, a duba yana tsaye, a kuma duba lokacin da aka taka totur bayan injin ya yi zafi. Idan allurar ta tsaya a wajen bar 3 zuwa 3.5 ba ta faɗi ba, hanyar mai lafiya take, a koma wajen wuta, a fara da buji da kwayil. Idan ta faɗi, a ciro sabuwar filtar a juye ta a kwalba. In ta fito da tsatsa bayan mako ɗaya kacal, tankin ne yake buƙatar a sauke a wanke, in kuma ta fito garau, famfon ne ya gaji.